Tsuntsayen da mutanen Japan suke sassaƙawa a katako: za a iya yin irinsu a Jos?

Mai Hatimi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai yanka hatimi ne a nan Jos, shekara 21 ke nan ina zaune da ɗan teburina a wajajen Taminus. Da reza da guntun roba na riƙe iyali, na aurar da ƙannena biyu. Yanzu na'ura ta karɓe yawancin aikin, mutum zai kai sunan shagonsa a buga a kwamfuta a fito masa da hatimi kafin ya gama gaisawa da mai shagon, don haka zaman jiran ciniki ya fi aikin yawa.

Makonni uku da suka wuce hadari ya taso da la'asar, sai maƙwabcina mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa ya kwashe kayansa a gurguje ya turo su ƙarƙashin rumfata. Muna jiran ruwa ya tsagaita na jawo wani littafi marar bango, gefensa ya taɓa shan ruwa har ya kumbura. Hotunan tsuntsaye ne daga farko har ƙarshe, aikin mutanen Japan. Ban bar wurin ba sai da na biya shi naira 1,500 na sa littafin a jaka.

Hotuna biyu ne suka hana ni sakat. Na farko wata farar tsuntsuwa ce mai kama da balbela, ta noƙe wuya ta tsaya cik, sararin da ke bayanta baƙi ƙirin kamar daren da babu wata, ruwan sama yana sauka a karkace siriri-siriri kamar an ja zare. Na ɗauko gilashin da nake duba ƙananan haruffa da shi na kara a jikinta, sai ga gashin fukafukanta a jere ɗaya bayan ɗaya, amma babu ko ɗigon tawada a wurin. Inuwa ce kawai, kamar an danna takardar da wani abu ta lotsa. Na biyu hankaka ne, baƙi gaba ɗaya, ba shi da farin ƙirji irin namu, ya sauka a kan reshen da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. A ƙarƙashin duka biyun an rubuta Ohara Koson. Ɗana da ya karanta mini bayanin ya ce ba da alƙalami aka yi su ba, a katako aka sassaƙa sannan aka buga a takarda.

Nan ne abin ya taɓa ni. Duk mai yanka hatimi ya san ƙa'ida guda: abin da ka bari shi ke ɗaukar tawada, abin da ka cire shi ke fitowa fari, kuma komai a baibai ake yin sa. Ke nan wannan dusar ƙanƙara da ta danne reshen har kana jin nauyinta, ba zana ta aka yi ba, cire ta aka yi. Shekara 21 ina ɓantare roba a gefen haruffa ina sharewa da tsintsiya da yamma, bai taɓa zo mini a rai ba cewa wurin da aka cire zai iya zama shi ne hoton.

To masu sani ku taimaka mini. Ni launi ɗaya na sani, shuɗi ko ja, a danna sau ɗaya a ɗaga. Yaya aka yi suke haɗa launi biyar ko goma a takarda ɗaya da katako, wani bai hau kan wani ba? Ta yaya ake fitar da gashin tsuntsu ba tawada? Na kuma lura kowane tsuntsu yana tare da wani tsiro nasa, wasu kuma da rubutu a gefe, shin ado ne ko da ma'ana? Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe: in mutum yana son gwadawa a nan Jos, da wane katako zai fara?

Malamar Zane ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Wallahi na ji daɗin tambayarka, don ina koyar da zane a wata sakandare a nan garin, kuma na kan sha wahala kafin ɗalibai su gane abin da kai hannunka ya riga ya sani. Rabin aikin yana wurinka tun kafin ka buɗe littafin.

Irin hotunan da ka gani sunansu kaco-ga, wato zanen furanni da tsuntsaye. In ɗanka zai nema maka a intanet ya rubuta kacho-ga. Asalin salon daga ƙasar Sin ya zo musu, su kuma suka shigar da shi cikin sana'arsu ta bugun katako, wadda ta bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Edo shi ne tsohon sunan Tokiyo.

Abu na farko da ya kamata ka sani, sunan da ka gani a ƙasan hoton na mai zane ne kaɗai. Mutum huɗu ne a kan kowane hoto: mai zane, masassaƙi, mai bugawa, da mai jari wanda ke ɗaukar nauyi ya sayar. Koson bai riƙe wuƙa ba. Wanda ya cire dusar ƙanƙarar da ta burge ka wani ne irinka, mai zama ya sunkuyar da kai a kan allo tun safe, kuma galibinsu ba a rubuta sunansu a jikin takardar ba. Wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna.

Ga yadda ake yi. Mai zane zai zana da baƙar tawada a siririyar takarda. Masassaƙi ya kifa ta a kan allon itacen ceri na daji, ya manna, ya murje bayanta har layukan su fito, sannan ya bi su da wuƙa. Zanen asali yana ƙarewa a nan, wuƙa ce ke cinye shi. Wannan allon na farko shi ne uwa. Da shi ake buga kwafi da yawa, mai zane ya nuna a kowane kwafi inda launi kaza zai zauna, sai a sassaƙa wa kowane launi allonsa. Sirrin da kake tambaya a kai ƙarami ne ƙwarai: a gefen kowane allo ana yanka 'yar kusurwa guda da ɗan miƙaƙƙen layi guda, suna kiransu kento. Mai bugawa zai zura kusurwar takarda a nan, ya jingina gefenta a can, ya sake ta ta kwanta. Ko sau goma sha biyar za ta hau allo, wuri ɗaya za ta riƙa faɗawa. Da wannan dabara aka fara fitar da hotuna masu cikakken launi a 1765, a hannun wani mai zane Suzuki Harunobu.

Babu injin matsewa ko kaɗan. Launin na ruwa ne, ana ɗiga shi a allo tare da ɗan kunun shinkafa mai danƙo, a baje da buroshi. Takardar daga ɓawon wani itace ake yin ta, kozo, zarenta dogo ne shi ya sa take jure murza, kuma da ɗan damshi ake aiki da ita. Abin murzawa sunansa baren. Ka ɗauka ɗan faifai ne da bai wuce tafin hannu ba, an naɗe igiyar gora a ciki kamar yadda mata ke naɗa faifai, an lulluɓe da ɓawon gora. Da shi ake goga bayan takarda har launi ya shige cikin zarenta.

Gashin farar tsuntsuwarka kuwa, idonka bai yi maka ƙarya ba. Karazuri suke ce masa, bugun da babu launi. Ana sassaƙa gashin a allo, a ɗora takarda, a murza da ƙarfi ba tare da an shafa komai ba, sai ta lotsa ta ɗauki siffar. In ka riƙe na ainihi ka karkata shi wajen taga, gashin zai taso maka. Akwai kuma bokashi, inda mai bugawa ke jiƙa allo da tsumma ya sa launi a gefe ɗaya, ya ja shi da buroshi har ya narke daga duhu zuwa haske. Sararin sama da ruwa duk da shi ake yi, kuma kowace takarda sai an sake yin sa da hannu.

Koson ɗan baya ne, an haife shi a 1877 a Kanazawa, ya rasu a 1945. Za ka ga wasu hotunansa da sa hannun Shoson ko Hoson, duk shi ne. Daga 1926 ya yi aiki sosai da wani mai jari a Tokiyo, Watanabe Shozaburo, wanda girgizar ƙasar 1923 da gobarar da ta biyo baya suka cinye masa shago da allunansa, ya sake farawa daga tushe. Yawancin tsuntsayen Koson Amurka da Turai aka kai su aka sayar, shi ya sa ya daɗe yana da suna a waje fiye da gida.

Amma in ka tambaye ni, ka nemi aikin wani mai zanen, Hiroshige. Ya rayu daga 1797 zuwa 1858, kuma a shekarun 1830 ya yi tsuntsaye masu yawa a dogayen takardu sirara, da baitin waƙa a gefe. Wannan shi ne rubutun da ka gani. Yana da wani hoto na 1857, mikiya ta karyo daga sama ta cika rabin takardar da fukafukanta, ƙasa can nesa fili ne fari fat da bakin teku, kai mai kallo kamar kana bayanta a iska. Hokusai, mai zanen Japan da ya yi shahararren hoton babbar igiyar ruwan teku, shi ma yana da wani ɗan tsuntsu da ya rataye kansa ƙasa a reshen fure, sararin da ke bayansa shuɗi mai zurfi. Wannan shuɗin daga Turai 'yan kasuwa suka kawo shi, a Balin aka ƙirƙiro shi, ya mamaye bugun Japan wajajen 1830 saboda ba ya koɗewa kamar shuɗin furen da suke amfani da shi a da. Kafin su duka akwai Utamaro, da ya fitar da littafin tsuntsaye wajajen 1790, kowane tsuntsu da waƙar soyayya mai wasa da sunansa.

Kuma kada ka ɗauka kayan fada ne. A zamanin Edo talaka yana sayen hoto da kuɗin da bai fi na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba.

Lokacin da nake karatu a Zariya, da ledar daɓe mai kauri muka fara koyon yanka, irin hanyar da mai zanen nan na Najeriya Bruce Onobrakpeya ya bi kafin ya ƙirƙiro tasa. Kai ba ka buƙatar wannan matakin, roba ta riga ta koya maka.

Ɗan Gangare ya amsa:

Malam Mai Hatimi, Allah ya ƙara basira. Ni dai tunatarwa ce kawai, tsuntsu abu ne mai rai, kuma ka san akwai hadisai masu tsanani a kan masu surantawa. Abin da na karanta a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne sun bambanta sura mai inuwa, kamar gunki, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wasu malaman kuma ba su bambanta ba, sun hana duka. Kafin ka zuba kuɗinka da lokacinka ka je ka zauna da malaminka ka nuna masa littafin ido da ido. Ba don in kashe maka gwiwa na faɗa ba.

Kafintan Katako ya amsa:

Ɗana, jikana ne ke rubuta mini wannan, ni nake faɗa masa. Na fi shekara 40 ina fere itace a kasuwar Katako. Na ji bayanin Malama, Allah ya saka mata. Abin da na gane shi ne kana neman itace mai tsukakken jiki, wanda wuƙa za ta bar masa layi siriri kamar gashi bai ɓalle ba, kuma ya sha ruwa ya bushe sau da yawa bai murɗe ba.

Kada ka fara da madaci. Yana da kyau a ƙofa da gado, amma jikinsa da ƙananan ramuka, kuma jijiyarsa tana juyawa, kana tafiya lafiya sai wuƙa ta ci karo ta tsage maka wuri. Obece kuma ya yi laushi da yawa, in ka murza takarda a kai sau ashirin layin zai kwanta. Ƙirya ta yi tauri, za ta cinye maka bakin wuƙa kafin azahar. Malaina ba laifi don koyon hannu, ga ta da araha, ka ɓata goma ba ka yi asara ba.

Amma ni in ni ne, wurin masu sayar da allon karatu zan nufa. Allon aduwa. Kakanninmu ba su zaɓe ta a banza ba: jikinta sumul, fari-fari, ana rubutu a wanke kullum shekara da shekaru ba ta komai. Abin da ka ke nema ke nan, itacen da ya saba da ruwa da tawada. Ka zaɓi wanda ba shi da ƙulli, ka ɗaga shi saitin ido ka duba ko ya gantsare. Ka tambayi mai shi ko tun rani aka fere shi, don yanzu damina ce, ɗanyen itace zai yaudare ka, hunturu na shigowa ya tsage. Ka san sanyin Jos da bushewarsa, har ƙofar da aka yi da kyau sai ta buɗe baki a watan Janairu. In ka samu, ka goge shi da samfefa mai laushi, ka bi jijiya kada ka gitta ta.

Reza ba za ta yi maka ba. Ka nemi karyayyen zarton yanka ƙarfe, a wasa maka bakinsa a karkace, ka ɗaure shi a ɗan itace da zare. Da irinsa muke gyaran ƙananan wurare. Na kwashe fili kuma, maƙeri zai buga maka ɗan kurfi mai baki kamar cokali, ka ce masa biyu, babba da ƙarami.

Tawada kuwa me za ka nema a waje? Tamu ta allo ai baƙin hayaƙi ce ko gawayi da ƙaro. Ka fara da ita. In ka shigo kasuwa ka tambayi layin masu ƙofofi, ka ce tsohon da ya yi maganar aduwa, za a kawo ka. Ina da guntayen kanya da na ajiye, zan ba ka ɗaya ka gwada, ita ma jikinta a tsuke yake.

Ɗan Laminga ya amsa:

Kawu, barka da wannan tunani. Ni ba mai zane ba ne, kallon tsuntsaye ne abina. Gidanmu yana kusa da dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, kuma tun ina yaro nake bin masu madubin hangen nesa ina riƙe musu jaka. Tambayarka ta tsiro da tsuntsu ce nake son in taɓa, don Malama ta bar mini ita.

Ba ado ba ne, kalanda ce. Mutumin Japan in ya ga ɗan tsuntsun uguisu a reshen furen ume, ya san sanyi ya kusa wucewa. In ya ga tsuntsun hototogisu yana keta sama baki buɗe, farkon zafi ne. Dinyar daji tana saukowa ta gaban cikakken wata, kaka ce. Hiroshige yana da irin wannan hoton, har an sa shi a kan sarki a Japan a 1949. Salwa a gindin gero ita ma kaka ce, gwara kuma abokiyar gora ce. Agwagwar oshidori mace da namiji alamar zaman aure ne, tsuru kuwa, ɗan uwan gaurakarmu, alamar tsawon rai. Wani mai zane a Kiyoto, Imao Keinen, ya fitar da littattafan tsuntsaye huɗu a 1891 zuwa 1892, kowane ɗaya na lokaci guda a shekara. Mai kallo bai buƙatar a gaya masa wata, tsuntsun da ganyen sun gaya masa.

To Kawu, ai mu ma haka muke, rubutawa ce kawai ba mu yi da hoto ba. Wane manomi ne zai ga shamuwa ta sauka a kan bishiyar gari bai je ya duba irinsa ba? Wa zai ga marai suna saƙa sheƙa suna hayaniya bai san damina ta kankama ba? Balbela kuma ba ka raba ta da ƙafar saniya, ci da motsin wani. Shi ya sa nake roƙonka kada ka kwafi hankakan Koson da dusar ƙanƙararsa. Ba ka taɓa tsayawa a cikinta ba, hannunka zai yi ƙarya. Namu hankakan yana da farin ƙirji da farin wuya, kuma kai da kanka ka ce fari shi ne abin da ake cirewa. Kamar don allo ɗaya da baƙar tawada aka halicce shi.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Hototogisu ba ya gina sheƙa, a ta uguisu yake zuwa ya saka ƙwansa, ita ta yi renon. Tsuntsayen nan biyu da suka fi yawo a waƙoƙinsu, ɗaya ɗan reno ne a gidan ɗaya. A duwatsunmu na Filato muna da irin wannan cak. Akwai wani ɗan jan tsuntsu da ke zama a tsakanin duwatsu, namijin bayansa ja, kansa toka-toka, bakinsa da ruwan shuɗi. Sai a 1998 masana suka tabbatar nau'i ne na daban, kuma a nan Filato aka gano shi. Akwai kuma wani ɗan baƙi mai ƙyallin kore da ake kira da sunan Jos a littattafan duniya, macensa a sheƙar jan take saka ƙwai, ɗan ya tashi ya koyi kukan masu renonsa, ya girma yana rera shi. Ta wannan kukan ne ma masana suka bi sawun ɗan jan. Hausawa suna yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, amma a dutsen Amurum wannan ɗan jan ne ya cancanci kirarin. Mutane suna tasowa daga Turai don su gan su, mu kuma muna wucewa a kan babur.

Gauraka ce ke sa ni baƙin ciki. Tsofaffinmu sun ce da ana ganinta a fadamu, ni a sake a daji ban taɓa sa ta a ido a nan ba, sai wadda aka kama aka ajiye a gidan mai kuɗi. Tsuru mai jan kai na Japan shi ma an ɗauka ya ƙare, sai a 1924 aka tarar da 'yan kaɗan a fadamar Kushiro, a tsibirin Hokkaido, manoma suka riƙa zuba musu masara a lokacin sanyi har suka farfaɗo. Ina ganin yawan ganinsa a hoto da tufa da kwano ya sa ba su yarda su rasa shi ba.

Dajin bai fi tafiyar rabin awa daga Taminus ba, kuma an ƙirga tsuntsaye nau'i wajen 300 a ciki. Ka zo bayan asuba. In ka bari zuwa ƙarshen damina, lokacin ne ɗan baƙin ke sa kayan ƙyallinsa ya hau ƙololuwar itace yana kuka. Ka taho da fensir da takarda, ni zan aro madubi.

Mai Hatimi ya sake rubutawa:

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Na yi shiru kwana goma sha biyu ne don ina son in dawo da abin faɗa.

Ɗan uwana na Gangare, na gode, kuma na bi shawararka kafin komai. Na kai wa malaminmu littafin bayan sallar isha'i, ya duba shafi-shafi, muka yi doguwar magana. Abin da ya ce da ni shi zan tsaya a kai, kuma akwai iyakokin da ya gindaya mini waɗanda na karɓa hannu biyu. Kowa ya tambayi nasa malamin.

Baba, na zo Katako ranar Talata an ce ka tafi jana'iza, Allah ya ji ƙan wanda ya rasu. Jikanka ya ba ni guntun kanyar, na ajiye ta sai hannuna ya faɗa. Na sayi allunan aduwa biyu, maƙeri ya buga mini kurfi, wuƙar kuma daga karyayyen zarto kamar yadda ka ce. Ranar farko sai da yatsana ya yi kanta. Roba tana bin reza duk inda ka juya, itace kuwa yana da ra'ayinsa, in ka gitta masa sai ya nuna maka.

Hankaka na yi, ƙanena na Laminga, namu. Akwai guda biyu da ke sauka kullum a kan wayar lantarki daura da rumfata, suna jiran mai tsire ya zubar da wani abu. Kwana uku ina kallonsu kafin in sa fensir a takarda, sai na ga abin da ban taɓa lura ba: farin ba a ƙirji kaɗai yake ba, ya zagayo ta bayan wuya kamar an yafa masa ɗan mayafi, kuma in zai yi kuka sai ya sunkuyo ya buɗe gashin maƙogwaro. A haka na zana shi, a sunkuye. Da na zo kwashe farin ƙirjin da kurfi, hannuna har rawa yake yi.

Na dama garin shinkafa na tace, na haɗa da tawadar allo, na murza da bayan cokalin katako na uwargida tunda ba ni da baren. Na buga goma sha ɗaya. Bakwai sun lalace. A wasu tawada ta malala ta cike ƙananan layukan fiffike, a wasu kuma takardar ta saɓule ta manne a allo, don ta littafin zane ce ta 'yan makaranta. Huɗu sun fito, ɗaya daga ciki har ƙwayar idon ta tsaya da ɗan farinta. Maƙwabcina mai littattafai ya karɓi wannan ya sa a leda, ya ce ba zai mayar ba.

Malama, saura biyu a wurinki. Damshin takardar nan ya nake gane ya kai? Na yayyafa mata ruwa na buga nan take, ina zargin nan na yi kuskure, ko kwana ya kamata ta yi a tsakanin jiƙaƙƙun jaridu? Sannan wace takarda ce a kasuwar Jos za ta jure murza ba ta saɓule ba? Ina son allo na biyu ya zama sararin sama na lokacin da hadari ke haɗowa ta wajen duwatsun Shere, duhu a sama yana narkewa zuwa ƙasa, kuma na riga na yanka kento a gefen allon farko. Shunin da mata ke sa wa fararen kaya zai yi, ko in nemi baba wurin marina?

Ƙanena, ranar Asabar in Allah ya kai mu ina nan tafe, da na idar da asuba zan hau mota. Ka gaya mini inda zan sauka.